Hanyar da Cutar Mantuwa Ke Bi a Ƙwaƙwalwa

Cutar Alzaima ba kara-zube take faɗa wa ƙwaƙwalwa ba, hanya take bi. Tun a 1991 wasu masana biyu a Jamus, Heiko Braak da matarsa Eva, suka nuna cewa gurɓataccen furotin da ake kira tau yana fara taruwa a wani ɗan lungu daf da ma'ajiyar sabbin abubuwan da mutum ya gani ko ya ji, sannan ya bazu mataki-mataki. Hotunan ƙwaƙwalwa na zamani sun ƙara nuna cewa yakan bi jijiyoyin da suka haɗa sashe da sashe, kamar fasinja daga tasha zuwa tasha. Shi ya sa tsohuwa za ta manta ta ci tuwo ɗazu, amma ta jero sunayen ƙawayenta na ƙuruciya tsaf. Abin da ke damuna, shekara da shekaru an fi karkata kuɗin bincike kan wani furotin daban mai suna amiloid. Maganin lecanemab, wanda Amurka ta amince da shi a 2023, yana share amiloid, amma ɗan rage gudun cutar kawai yake yi. A ganina ya kamata a zuba ƙarfi wajen tare tau tun bai isa sassan magana da gane fuskokin iyali ba.