Taɓin hankali: Alamar farko da iyalai ke ɗauka rashin tarbiyya ne

Tun kafin matashi ya fara jin muryoyin da babu mai jin su sai shi, sau da yawa mu'amalarsa ce ke fara sauyawa. A yi masa habaici bai gane ba, abokin wasa ya tsokane shi ya ɗauka gaba ce, maƙwabci ya wuce bai gaishe shi ba ya ce makirci ake ƙulla masa.

Likitocin ƙwaƙwalwa na ganin wannan a matsayin raunin fahimtar mutane: gane fushi ko farin ciki a fuska da murya, hasashen abin da ke zuciyar wani, da fassara dalilin aikinsa. Raunin kan bayyana tun farkon cutar sikizofireniya, wadda ta fi kama mutane daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekara 30. Wani nazari da ya tattara bincike da dama a 2011 ya nuna cewa wannan rauni ya fi raunin tunawa da natsuwa alaƙa da yadda mara lafiya ke iya zama cikin jama'a. Magungunan da ke kwantar da ruɗani kuwa ba su cika gyara shi ba.

A al'ummar da kunya da kara da magana a kaikaice ke da nauyi, wanda ya kasa karanta su nan da nan ake kiransa mai girman kai. In abin ya tsananta, sai a ce sammu ne ko aljanu. Samamen da 'yan sanda suka kai Rigasa a Kaduna a 2019, inda aka kuɓutar da ɗaruruwan mutane, wasu cikin mari, ya nuna inda iyalai kan kai wanda suka kasa fahimta.

A Janairun 2023 aka sanar da sa hannun Shugaba Buhari kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Sai dai likitocin fannin ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kuma asibitoci irin na Barnawa da Kware da Maiduguri sun yi wa yawancin ƙauyuka nisa. Bincike ya nuna jinkirin fara magani na rage samun sauƙi.

Matuƙar ba a koya wa ma'aikatan asibitocin matakin farko gane waɗannan alamu ba, tare da samar da horon mu'amala bayan magani, dokar ba za ta isa ga matashin da aka daina zama da shi a majalisa ba.