Kafin ka sayi helikwaftan rimot, fara faɗuwa a kwamfuta

 Wani ɗalibin aji biyu na babbar sakandare ya aiko mana da tambaya. Ya ce ya kusa shekara yana tara kuɗin tara da na barka da Sallah, burinsa ya mallaki ƙaramin jirgi mai saukar ungulu irin wanda ake tuƙawa da rimot. Ya ga kala-kala a kasuwa da kuma intanet, ya rasa wanda zai ɗauka.

Amsarmu a taƙaice ita ce: kada jirgin ya zama abin da za ka fara saye. Fara da rimot da manhajar koyon tuƙi a kwamfuta, jirgi ya biyo baya. Mun san wannan ba ita ce amsar da mai ɗokin ganin jirginsa a sama yake son ji ba, don haka bari mu kawo dalili.

Mu ma mun taɓa yin wannan gaggawa. Jirginmu na farko ko minti biyu bai yi a sama ba. Muka tura masa wuta, ya zabura ya yi hagu, muka ruɗe muka ƙara wuta maimakon mu rage, ya daki katanga. Farfela ta karye, ƙarfen da ke juya ta ya lanƙwashe, kuma mai shagon ya ce ba ya kawo kayan gyaransa. Kuɗin wata da watanni suka koma kwali a ƙarƙashin gado.

Me ya sa helikwafta ke da wuyar sha'ani?

Ku tuna dokar Newton ta uku da kuke yi a darasin fizis: duk abin da ya tura wani abu, shi ma ana tura shi baya da ƙarfi daidai da wanda ya yi. Idan injin ya juya babbar farfela zuwa dama, gangar jikin jirgin za ta nemi juyawa zuwa hagu. Aikin 'yar ƙaramar farfelar da ke wutsiya shi ne hana wannan juyi. Wannan tsari shi ne wanda Igor Sikorsky ya tashi da shi a jirginsa VS-300 a Amurka a 1939, kuma har yau shi aka fi amfani da shi. Amma ita ma farfelar wutsiya tana tura jirgin gaba ɗaya zuwa gefe guda, shi ya sa yake sulalewa gefe a daidai lokacin da zai bar ƙasa. Abin da ya kai namu katanga ke nan.

Saboda haka tsayar da helikwafta wuri ɗaya a sama ya yi kama da ɗora tsintsiya a tsaye a kan tafin hannu. Ba a daina gyara ta ko na daƙiƙa ɗaya. Wahalar ta kai har sai wajajen 1970 wani Bajamushe, Dieter Schlüter, ya samu nasarar ƙera helikwaftan rimot da ke tashi yadda ya kamata, alhali an daɗe da fara tuƙa ƙananan jirage masu fukafukai da rimot.

Karanta kwali kafin ka biya

A jikin kwali za ku ga an rubuta 3CH ko 4CH ko 6CH. Lambar tana nuna yawan umarnin da rimot zai iya aika wa jirgin.

Na farko shi ne mai 3CH, wanda ya fi yawa a shagunan kayan wasa, irin su Syma S107. Yana da farfela biyu, ɗaya a kan ɗaya, suna juyawa ta fuskoki mabambanta, don haka kowace tana kashe juyin 'yar uwarta. Yana hawa da sauka, yana juyawa, yana gaba da baya, amma ba ya tafiya gefe. Yana da sauƙi da araha, kuma ya dace da ƙanenka ɗan firamare. Sai dai yana da illa biyu ga mai son koyo da gaske. Da yawansu da haske irin na rimot ɗin talabijin suke aiki, hasken rana kuwa yana ruɗa su, ba su da amfani a waje. Sannan a rimot ɗinsu sandar dama ce ke juya jirgi, saɓanin yadda yake a manyan jirage, ka ga hannunka zai saba da abin da sai ka sake kwance shi daga baya.

Na biyu shi ne mai 4CH da babbar farfela ɗaya, wanda akan rubuta wa FP. Karkatar fukafukan farfelarsa a kafe take, saurin juyawa ne kawai ke ɗaga shi ko sauke shi. Misalinsa WLtoys V911 da sabonsa V911S. Yana aiki da zangon rediyo na 2.4GHz, yana da duk motsi huɗun da babban jirgi ke da su, kuma nauyinsa bai kai giram 100 ba. Rashin nauyin nan alheri ne, domin abu marar nauyi idan ya faɗi ba ya yi wa kansa ɓarna sosai. Wannan shi ne muke ba mai farawa shawara ya saya.

Na uku shi ne mai 6CH, wanda akan rubuta wa CP. Shi karkatar fukafukansa ce ke sauyawa kamar ta jirgin gaske, har yakan iya tashi a kife. Akwai ƙananansa irin su XK K110, akwai manya irin su Align T-Rex 450 zuwa sama. Waɗannan ne kuke gani a bidiyo suna alkafura. Ƙaramin cikinsu zai iya zama jirginka na biyu. Manyan kuwa ba kayan wasa ba ne ko kaɗan. A 2013 wani matashi ɗan shekara 19, wanda kuma gwani ne, ya rasa ransa a wani filin wasa a birnin New York bayan farfelar babban helikwaftansa ta same shi a ka. Idan hakan ta faru da gwani, ina ga wanda bai taɓa riƙe rimot ba?

Akwai wasu haruffan kuma. RTF na nufin komai na cikin kwalin, har da rimot da batir da caja. BNF na nufin jirgi ne kawai, babu rimot. Kuma ba kowane rimot ne ke jin yaren kowane jirgi ba, ko da duk 2.4GHz aka rubuta musu. Tambaya ta ƙarshe kafin ka miƙa kuɗi ita ce: ana samun farfela da ƙafafu da injin wutsiya da batir na wannan samfurin? Idan mai sayarwa ya fara kame-kame, ajiye masa kayansa.

Manhajar koyon tuƙi

Ita wannan manhaja tana nuna maka fili da jirgi a allon kwamfuta, kai kuma kana tuƙa shi da rimot na gaske da aka jona ta USB. Jirgin yana amsa umarni, yana sulalewa, iska tana kaɗa shi, kamar dai na zahiri. Bambancin kawai shi ne idan ya faɗi, maɓalli ɗaya za ka danna ya dawo sabo. Faɗuwa ɗari a nan ba ta cin ko sisi. Kada ku ɗauka wannan ragwanci ne. Masu koyon tuƙin manyan jirage, har da na Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama da ke Zariya, suna shafe sa'o'i a na'urar kwaikwayo a cikin horonsu.

Cikin manhajojin da aka sani akwai RealFlight, wadda ke aiki a Windows kuma sayen ta ake yi, tana ɗauke da jirage iri-iri. Akwai Heli-X, wadda aka yi musamman domin helikwafta, tana da samfurin gwaji na kyauta, kuma tana aiki a Windows da Mac da Linux. Akwai kuma neXt da AccuRC. Shawararmu ita ce ka fara da ta kyauta, ka ga ko kwamfutar da kake da ita za ta iya ɗauka ba tare da hoton yana tsinkewa ba. Akwai irinsu a waya, amma shafa gilashi ba ya koya wa yatsu komai. Abin da ake nema shi ne manyan yatsunka biyu su saba da sanduna na gaske.

A nan ne zancen rimot ya shigo. Mai ƙaramin ƙarfi zai iya sayen rimot ɗin koyo mai wayar USB, wanda ba ya tuƙa jirgin gaske, kwamfuta kawai yake yi wa aiki. Mai ɗan hali kuma zai iya neman rimot irin na RadioMaster, wanda kwamfuta ke gane shi kai tsaye ta USB, kuma zai ci gaba da amfani da shi shekaru idan ya dace da jiragen da zai saya. Yawancin rimot ɗin da ke zuwa cikin kwalin jirage masu araha ba su da wurin jonawa da kwamfuta, sai a lura.

Kowanne ka samu, tabbatar tsarin Mode 2 ne, domin shi aka fi amfani da shi a duniya. A wannan tsari sandar hagu ce ke hawa da sauka da kuma juya hancin jirgi, ta dama kuma ita ke kai shi gaba da baya da gefe da gefe.

Idan kuɗin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ku haɗa kai. 'Yan ƙungiyar JETS ko ta kimiyya a makarantarku za su iya yin karo-karo su sayi rimot ɗaya, su nemi izinin malamin kwamfuta a sa manhajar a ɗakin kwamfuta. Rimot ɗaya ya ishi mutum goma su koya.

Yadda za ka yi atisaye

Minti 15 zuwa 20 a kullum ya fi sa'a uku a rana ɗaya. Bi waɗannan matakai, kada ka tsallake ko ɗaya.

Mataki na 1: wutsiyar jirgi tana kallonka. Ɗaga shi ya kai kamar tsayin ƙugunka, ka tsayar da shi wuri ɗaya. Kada ka bar shi dab da ƙasa, domin iskar da yake turawa tana dawo masa ta dagula shi. Sai ka iya minti ɗaya cur kana riƙe da shi, ka kuma sauke shi inda ya tashi, sannan ka wuce.

Mataki na 2: juya shi ya ba ka gefensa na dama, sannan na hagu.

Mataki na 3: hancinsa yana kallonka. Nan ne ake yin ta, domin damarsa ta koma hagunka, gabansa ya koma wajenka. Kowa yana faɗuwa a nan, kada ka karaya.

Mataki na 4: tafiya a hankali cikin da'ira, sannan siffar lamba 8.

Akwai ɗabi'a ɗaya da muke so ku koya tun a kwamfuta: da zarar ka ga faɗuwa ta tabbata, kashe wuta gaba ɗaya. Farfelar da ta daki ƙasa injin yana tura ta ita ce ke karya giya ta ƙona injin.

Ranar da jirgin gaske ya iso

Fara a ɗaki mai faɗi ko zauren taro, a kashe fanka, a fitar da yara ƙanana. Idan waje ne, sai da sassafe ko dab da magariba lokacin da iska ta kwanta. Iskar hunturu za ta iya ɗauke jirgi mai nauyin giram 50 ta kai shi gidan maƙwabta, ƙurarta kuma tana cin giya. Kunna rimot kafin ka jona batirin jirgi, idan ka gama kuma cire batirin kafin ka kashe rimot.

Batirin waɗannan jirage, wanda ake kira LiPo, yana son kulawa. Kowane ɗaki nasa yana cika ne a bolt 4.2, kuma yana lalacewa idan aka zuƙe shi ya yi ƙasa da bolt 3. Tashi ɗaya yakan ɗauki minti biyar zuwa bakwai, da ka ji jirgi ya fara rauni sai ka sauke shi. Idan za a ajiye shi kwanaki, a bar shi wajen bolt 3.8. Kada a yi cajinsa a kan katifa ko a tafi a bar shi, a ɗora shi a kan siminti ko cikin tukunyar ƙasa. Kada a bar shi a rana ko cikin mota a rufe, musamman a zafin bazara. Wanda ya kumbura kuwa ya gama aiki, kada a huda shi, domin yana iya kamawa da wuta.

Sai batun doka. A 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, ta sanar cewa tashin jirage marasa matuƙi a sararin ƙasar nan yana buƙatar izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. A halin tsaron da ake ciki, kada wanda ya kuskura ya tashi ko da ƙaramin jirgi kusa da filin jirgin sama ko barikin soja ko ofishin 'yan sanda ko kan taron jama'a. Ku tsaya cikin gida ko harabar makaranta da sanin malamai, kuma ku sanar da iyaye kafin ku sayi komai.

Ga ɗalibin da ya aiko da tambaya: raba kuɗinka gida uku. Kashi na farko rimot ɗin koyo, ka yi wata guda kana atisaye. Kashi na biyu ƙaramin jirgi mai 4CH. Kashi na uku farfela da batir na ajiya. Idan bayan wata guda ka ga abin bai kwanta maka ba, ka tsira da kashi biyu na kuɗinka. Idan kuma ya kwanta maka, jirginka zai daɗe yana tashi. Kuma a tuna, atisaye sai bayan an gama aikin gida da bitar karatu.

Wanda ya fara gwadawa ya rubuto mana ya faɗa mana kwana nawa ya ɗauka kafin ya riƙe jirgi minti ɗaya a wuri guda. Sai mun haɗu a mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.