Kada ka zauna jiran sha'awa, fara aikin tukuna



Duk lokacin da aka taso da maganar koyon fasahar zamani, sai ka ji matashi ya ce, "Ni fa ban san abin da nake sha'awa ba, wanne zan koya?" Ya gwada zanen hoto a waya kwana uku bai ji daɗi ba, ya koma haɗa bidiyo, nan ma sati guda ya ajiye, yanzu yana tunanin ko rubutu ne ya dace da shi. Idan kai ma haka kake, shawarata ita ce ka juya lissafin. Sha'awar nan da kake jira ta zo kafin ka fara, mafi yawan lokaci sai bayan ka fara take zuwa, kuma sai ka ɗan sha wuya tukuna.

Dubi yaron da aka kai wajen tela. Watannin farko ko kusa da keke ba ya zuwa, daga guga sai sa maɓalli sai aike sayo zare. Ka tambaye shi a lokacin ko yana son ɗinki, zai ce maka tilas ce kawai. Amma ranar da ya yanka yadi da hannunsa, ya ɗinka riga ta zauna daram a jikin mai ita, daga ranar ba sai an tashe shi zuwa shago ba. Haka yaran da ke koyon gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano suke, kwance sukurori da miƙa wa maigida kayan aiki suke fara yi, daɗin aikin sai ranar da matacciyar waya ta kawo wuta a hannunsu. Ɗinkin bai canza ba, gyaran ma haka. Yaron ne ya iya, iyawar kuma ita ta jawo so.

Masana ma sun duba wannan batu. A 2018, Paul O'Keefe da Carol Dweck da Gregory Walton sun wallafa bincike a mujallar Psychological Science. A ɗaya daga cikin gwaje-gwajen, an nuna wa ɗalibai wani ɗan bidiyo mai ƙayatarwa a kan ilimin sararin samaniya, akasarinsu suka ce abin ya burge su. Sai aka miƙa musu makala mai tsauri a kan wannan batun dai. Waɗanda suka ɗauka cewa sha'awa aba ce da ake haihuwar mutum da ita, su ne sha'awarsu ta fi saurin faɗuwa da suka ci karo da wuya. Wato da zarar abu ya yi tsauri sai su ce, "Ashe ba nawa ba ne." Waɗanda suka ɗauki sha'awa a matsayin abin da ake raino ba su yi saurin karaya haka ba.

To abin da ke faruwa da mu a waya ke nan. Ka kalli wani yana haɗa fosta a Canva cikin minti biyar, ka ji kai ma za ka iya. Ka buɗe manhajar, rubutu ya ƙi daidaita, launuka suna faɗa da juna, abin da ya fito ko a gida ba za ka so nuna shi ba. A daidai wannan gaɓar mutane da yawa ke sauka, alhali kowa ta nan ya bi. Jimmy Donaldson, wanda duniya ta sani da MrBeast, ya fara saka bidiyo a YouTube tun 2012 yana ɗan shekara 13, amma sai a 2017 aka fara saninsa sosai, da bidiyon da ya zauna yana ƙirga daga 1 zuwa 100,000. Shekara biyar ke nan yana yi ba wani amo ba labari.

Wani zai ce ai akwai baiwa. E, akwai, ban musa ba. Akwai mai ido a kan launi tun yana ƙarami, akwai wanda magana ke bin bakinsa kamar ruwa. Akwai kuma abin da ko shekara ka yi a kai ba zai shiga ranka ba, kuma ba laifi ba ne ka bar shi. Abin da nake ƙi shi ne yanke hukunci a kwana uku. A kwana uku ba zane ka ɗanɗana ba, ruɗewar sabon shiga ka ɗanɗana, ita kuwa kowane fanni ka shiga tana ƙofa tana jiranka.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi kashe wa matasanmu gwiwa. An cika mana kunne da cewa ana samun daloli a intanet, masu sayar da kwas suna ta nuna hoton shigar kuɗi. Gaskiya ana samu, amma dubi sharaɗin. Kafin YouTube ya fara raba kuɗin talla da kai a kan dogayen bidiyo, sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Wanda kuɗi kaɗai ya kawo shi ba zai kai nan ba, tun a bidiyo na goma da mutum ashirin suka kalla zai fara lissafin datar da ya ƙona. Wanda ya kai shi ne wanda a hanya ya fara jin daɗin aikin kansa, ya lura yankan bidiyonsa na yau ya fi na jiya tsabta, ya ji ransa ya yi fari ko da babu wanda ya yaba.

Kuma don Allah ka rage kallon darasi. Wannan wani tarko ne mai kama da ƙoƙari: ka sayi data, ka sauke bidiyo talatin na koyarwa, ka kalle su duka kana gyaɗa kai, hannunka bai taɓa komai ba. Darasi ɗaya, aiki uku, haka ya fi.

Ga abin da nake ganin ya kamata ka yi. Zaɓi abu guda ɗaya, ko da zuciyarka ba ta buga a kansa ba. In zane ne, PixelLab ko Canva sun ishe ka, ba sai ka biya ko sisi ba. In bidiyo ne, ga CapCut. In rubutu ne, sa Hausa a cikin harsunan Gboard don ka samu ƙ da ɗ da ɓ, ka riƙa rubuta sakin layi biyu ko uku kullum a kan abin da ka sani, ko da yadda ake rage cin data ne a waya. Ware masa rabin awa a lokacin da ba ya motsi, bayan asuba ko bayan isha'i. Sannan ka yi wa kanka alkawarin ba za ka ce kana so ko ba ka so ba sai ka gama guda talatin. Guda talatin fa da aka kammala, ba kwana talatin ana buɗe manhaja ana rufewa ba.

Ka nemi aikin gaske da wuri, don shi ya fi sa mutum dagewa: katin gayyatar ɗaurin auren abokinka, tallan shagon yayarka, sanarwar saukar karatu ta Islamiyyar unguwarku. Kuma kada ka goge aikinka na farko komai muninsa. Buɗe masa folda, ka sa masa kwanan wata, ranar da ka gama na talatin ka ɗora su gefe da gefe ka duba. A ranar za ka yanke shawarar ci gaba ko canza layi.