Mai baki a fada, bebe a aji: a bar ƴan lakkol su yi magana da juna

Ƴan uwa matasa, ku tsaya a kowace fada a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai bayan sallar isha'i, ku kasa kunne. Ana dafa shayi, ana gardamar ƙwallo ko kokowa ko tsadar shinkafa. Yaro ɗan shekara 16 zai kawo hujja, a kushe ta, ya sake kawo wata, ya yi misali, ya sa dariya, har na biyu ya nuna bai sauka daga kan maganarsa ba. To, ku bi yaron nan da safe zuwa kolej. Mushe ya yi tambaya, ya nuna shi da alli. Sai ya miƙe, ya sunkuyar da kai, ya furta kalma biyu can cikin maƙoshi, ya zauna. Wani ma ko biyun ba zai furta ba.

Dukanmu mun san yaron nan, da yawa cikinmu ma mu ne shi. Mun ci burbe, mun ci bak, wasu sun gama Jami'ar Abdou Moumouni ko ta Dan Dicko Dankoulodo, amma ranar da aka ce tsaya gaban malamai ka kare kundinka, ko ka zauna gaban mai ɗaukar aiki ka faɗi abin da ka iya, sai zufa ta karyo, harshe ya yi nauyi. Ilimin yana cikin kai, hanyar fitowarsa ce ba a taɓa sharewa ba. Matsayinmu a nan shi ne: makarantunmu su mai da karatun haɗin gwiwa, wato aikin ɗalibai biyu-biyu ko rukuni-rukuni, abin yi na kullum a cikin aji. Ga dalilanmu.

Mu fara da lissafi. A ɗauki aji mai ɗalibai 80, wanda ba baƙon abu ba ne a biranenmu. Darasi awa guda ne. A ce malam ya ci minti 40 yana bayani da rubutu a tabulo, ya bar minti 20 don tambaya da amsa. In aka raba minti 20 ga mutum 80, kowa zai samu daƙiƙa 15. Wannan ma in an raba daidai ke nan, kuma kun san ba a rabawa daidai: ƴan gaba biyar ko shida ne ke ɗaga hannu, saura suna kwafe a kaye. Akwai yarinyar da za ta yi wata uku ba a ji muryarta a aji ba, sai "ina nan" lokacin kiran suna. Yanzu a ce malam ya ware minti 10 kacal, ya ce kowa ya juya ga na kusa da shi, su yi wa juna bayanin darasin. Kowane ɗalibi ya samu minti 5 yana magana. Ninki 20 ke nan na abin da yake samu a da, ba a sayi littafi ba, ba a gina sabon aji ba, ba a kashe ko dala ba.

Me ya sa yawan maganar yake da muhimmanci? Saboda ji daban, faɗa daban. A Kanada an daɗe ana sa yaran da Ingilishi ne harshen gidansu a makarantun da ake koyar da darussa da Faransanci. Wata mai bincike, Merrill Swain, ta lura cewa bayan shekaru yaran suna fahimtar Faransanci sosai, amma in sun buɗe baki maganarsu ba ta kai fahimtarsu ba. A 1985 ta bayyana dalilin da ta gano: sun sha saurare, amma ba a cika tura su su yi doguwar magana ba. Mai saurare yana iya tsintar ma'ana daga kalma biyu ko uku ya wuce. Mai magana dole ya gina jimla, kuma a wurin ginin ne yake gane inda bulonsa ya gaza, ya nemi kalmar da ta ɓace masa, ya gwada, a gyara masa. Ku duba ko wannan bai yi kama da halinmu ba. Yaro ya taso da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Tamajak ko Barbarci, ya shekara 13 yana jin Faransanci daga bakin malam, amma in ka tara duk abin da ya faɗa da bakinsa a shekarun nan, da wuya ya kai surutun da yake yi a fada cikin wata guda.

Dalili na biyu shi ne tsoro. Iyayenmu da yayyenmu sun san sambol, abin nan da ake rataya wa yaron da aka kama yana magana da harshen gidansu, ya yini yana farautar wanda zai miƙa wa. Ko inda aka daina rataya shi, darasinsa bai gushe ba: buɗe baki haɗari ne. Ka yi kuskure ɗaya mutum 79 su tuntsire da dariya, wani lokaci har a laƙaba maka kuskuren ya zama sunanka har ku gama. Yaro mai hankali sai ya zaɓi shiru. Amma gaban mutum uku da ya saba da su, kuskure ba ya da wannan nauyin. Zai faɗa, abokinsa ya ce "ba haka ba ne, ga yadda ake cewa", ya maimaita, su wuce. In daga baya malam ya kira shi gaban aji, maganar da zai faɗa ta riga ta bi ta bakinsa sau biyu.

Dalili na uku: ɗalibi yakan gane bayanin ɗan uwansa. Masanin nan na Rasha, Lev Vygotsky, wanda ya rasu a 1934, ya nuna cewa akwai tazara tsakanin abin da yaro zai iya shi kaɗai da abin da zai iya in wanda ya ɗan fi shi ya kama masa, kuma a cikin tazarar nan koyo yake faruwa. Mu ba sai an je Rasha aka gaya mana ba. A makarantar allo gardi ne yake biya wa ƙanana, almajirai biyu su zauna ɗaya yana tilawa ɗaya yana riƙe masa. A gona muna da gayya. Hatta ƴan bak da kansu, in jarrabawa ta matso, ai ƙungiya suke yi, su samu tabulo a ƙofar gida ko ƙarƙashin fitilar titi, suna yi wa juna bayani har tsakar dare. Abin da ɗalibai suka gano da kansu yana aiki da dare, me zai hana a shigar da shi aji da rana?

Mun san abin da malamai za su ce, kuma maganarsu abin saurare ce. Na farko, hayaniya. Gaskiya ne, mutum 80 suna magana lokaci guda ba shiru za a ji ba, balle a ajin zana inda maƙwabci yake jin komai. Amma akwai hanyar da ba ta bukatar a motsa tebur ko ɗaya. Frank Lyman na Jami'ar Maryland a Amurka ya tsara ta a 1981, matakai uku ne: malam ya yi tambaya, kowa ya yi tunani shi kaɗai na minti guda, sannan ya tattauna da na kusa da shi na minti biyu ko uku, sannan malam ya zaɓi wasu su faɗa wa aji. In ana son rukunin mutum huɗu, ƴan teburin gaba su juyo su fuskanci na baya, shi ke nan. A yi yarjejeniya tun farko kan alamar tsayawa, kamar tafi biyu, kuma a sa wa aikin lokaci.

Na biyu, za a ce "ai muna yin aikin rukuni, ba ga ekispoze ba?" Mu gaya wa juna gaskiya. Yadda aka saba yi, a ba mutum takwas batu guda, mutum ɗaya ya kwafo daga intanet a wayarsa, saura su ba da kuɗin buga takarda, ranar gabatarwa shi ɗin ya karanta, kowa ya samu maki ɗaya. Wanda ya iya magana ya ƙara iyawa, bakwai sun koyi fakewa. Maganin wannan shi ne a tsara aikin yadda ba mai iya ɓuya. A 1971 Elliot Aronson ya gwada wata dabara a makarantun birnin Austin na Amurka: a raba darasi kashi-kashi, kowane ɗan rukuni ya riƙe kashi ɗaya, ya je ya naƙalce shi tare da ƴan wasu rukunai masu irin kashinsa, ya dawo ya koya wa ƴan rukuninsa. A ce darasin kogin Kwara ne: ɗaya ya riƙe mafarinsa a tsaunukan Gini da ƙasashen da yake ratsawa, ɗaya noman shinkafa a bakinsa, ɗaya kamun kifi, ɗaya ambaliya da cikewar yashi. In ɗaya ya yi shiru, ukun sun rasa rubu'in darasi, don haka su da kansu za su matsa masa ya yi magana, kuma dole su saurare shi. Ƙari a kan haka, malam ne zai zaɓi mai bayani a madadin rukuni bayan an gama, don kowa ya zauna cikin shiri.

Na uku, za a ce in aka bar su, Hausa za su yi ta yi, ba Faransanci ba. To, sai me? Yaron da ya fahimci abu da harshensa ya yi rabin tafiya, saura ya nemo masa kalmomi. Ana iya barin su su warware batun da harshen da suka fi sakewa, sannan su shirya bayanin tare da harshen darasin. Nijar ba baƙuwa ba ce a nan: tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma kundin da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Iya tsara magana, kawo hujja da sauraron abokin gardama, in an koye su da harshe ɗaya suna bin mutum zuwa na biyu. Sai dai a kula, a aji irin na Yamai inda harsuna suka cakuɗu, kada a bar yaron da ba ya jin harshen masu rinjaye a gefe.

Na huɗu, za su koya wa juna kuskure. Yana faruwa. Shi ya sa malam ba zama zai yi ya duba waya ba; zagayawa zai yi yana saurare, ya tsinci kurakuran da suka fi yawa, ya gyara su a tabulo a ƙarshe ba tare da kiran sunan kowa ba. Kuskuren da aka furta ana iya gyara shi. Wanda ya kwanta a cikin kan yaro mai shiru, sai ranar jarrabawa za a gan shi, lokacin da gyara ya wuce.

Akwai kuma batun ƴan mata, wanda bai kamata a tsallake ba. In aka haɗa rukuni aka bar shi haka nan, sau da yawa samari ne za su kwashe maganar, a miƙa wa yarinya bik a ce ta rubuta tunda rubutunta ya fi kyau. A riƙa juya aiki: mai jagora, mai rubutu, mai kula da lokaci, mai bayani, kowane mako a canza. Kunya ado ce, ba mu musa ba, kuma ba muna kiran yara su riƙa ɗaga wa manya murya ba ne. Amma yarinyar da za ta zama ungozoma ko lauya ko malama, ko wadda za ta tsaya a asibiti ta yi wa likita bayanin ciwon ɗanta, tana bukatar bakin da ya saba da fitar da abin da ke ranta cikin ladabi.

Ga abin da muke nema. Ga hukumomin ilimi: a sa waɗannan dabaru cikin horon malamai, musamman malaman kwantaragi da ake turawa aji da ɗan gajeren shiri, kuma a ware maki na magana a cikin aji, domin muddin jarrabawa rubutu kaɗai take aunawa, malam da ɗalibi rubutu kaɗai za su kula da shi. Ga daraktoci da masu duba makarantu: in kun ji aji yana guna-guni, ku leƙa tukuna kafin ku ce malam ya kasa riƙe yara. Ga malamai: ku fara da minti 10 a darasi guda, kuma in kun yi tambaya ku ɗan jira. Mary Budd Rowe ta auna ta ga malamai sukan jira kusan daƙiƙa ɗaya tak bayan tambaya, kuma in suka kai jiran daƙiƙa 3 ko fiye, amsoshi sukan ƙara tsawo, masu amsawa su ƙaru. Ga iyaye: da dare ku ce wa yaro "me aka koya muku yau? Yi mini bayani", ku saurara har ya gama, ko da ba ku yi boko ba.

Mu kuma matasa, ba sai mun jira takarda daga Yamai ba. Duk wanda ke da ƙane ko ƙanwa a CM2 ko kolej, ya tara su da abokansu huɗu ko biyar ranar Asabar, ya raba musu darasi, kowa ya koya wa saura. Ƴan fada su ware dare guda a mako, a zaɓi batu, a ba kowa minti 3, a fara da wanda ya fi kowa shiru, kuma a hana dariyar kuskure. Ku gwada wannan na wata uku, ku ga yadda bakin yaran zai sake. Allah ya ba mu ikon yi.