Saran Bishiyar Gida: A Raba Kuɗin Aiki da Kuɗin Itace

Jama'a 'yan kasuwa da dillalan gidaje, ga wata magana da muke so mu yi kafin iskar farkon damina ta taso. Gero yana da mudu, atamfa tana da turmi, amma saran bishiya a cikin gida ba shi da ma'auni. Kowane mai gatari da nasa farashin, shi ya sa rigima ba ta ƙarewa a ƙofar mai unguwa.

Abin da aka saba shi ne maigida ya ce wa mai sara, "Ka kayar, ka kwashi itacen, mun rabu." Mu a ganinmu wannan ciniki ne cikin duhu, domin abu biyu aka cusa a buhu ɗaya: jingar aiki da cinikin itace. A raba su. A yi wa aiki kuɗinsa, a taya itace daban, sannan a ga wa zai cika wa wani.

Dalili kuwa, itatuwa ba ɗaya ba ne. Giginya azara ce, gara ba ta cinta da wuri, magina suna nemanta. Maɗaci katako ne. Tsamiya itace ne mai nauyi, masu gawayi ba sa raina ta. Darbejiya da turare, masu gidan burodi da 'yan faskare za su saya. Wanda ya ba da irin waɗannan a bakin ladan sara kawai, sau da yawa ya yi kyauta bai sani ba, balle yanzu da tsadar gas da kananzir ta mai da gidaje da yawa kan murhu. Amma kuka fa? Jikinta laushi ne da ruwa, ba ta katako, ba ta wutar kirki. Mai kuka a tsakar gida shi zai biya komai daga aljihunsa, har kuɗin kwashewa.

Shi kuma kuɗin aiki, ba tsawon bishiya kaɗai ake dubawa ba. Wadda take fili, a sare ta daga gindi ta faɗi, aikin yini ɗaya ne ko ƙasa da haka. Wadda ta rufe kwanon ɗaki, ko ta jingina da katangar maƙwabci, sai an hau an daddatse ta reshe-reshe, ana saukarwa da igiya. Wannan aikin mutum uku ne ko huɗu. In gidan yana cikin lungu, kamar unguwannin cikin birnin Kano inda mota ba ta shiga, sai a ƙara kuɗin 'yan dako da kura. Injin yanka kuma fetur yake sha, kowa ya san yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi a watan Mayu na 2023. In rassa sun shiga wayar lantarki, to kada kowa ya hau sai ma'aikatan wuta sun zo sun yanke layin. Nan maganar rai ake yi.

Sai kututture, wanda shi ne uwar gardama. Mai sara ya ce shi faɗuwar bishiya aka yi da shi, maigida ya ce har saiwa. Darbejiya in an bar gindinta tohowa take yi, saiwar kuma tana nan kusa da harsashin gini da ramin masai. Tonon kututture wani aiki ne mai zaman kansa, a faɗe shi tun farko.

Akwai kuma hukuma. A wurare da dama sai an nemi izinin ma'aikatan gandun daji kafin a kayar da babbar bishiya, musamman ta bakin titi. A Nijar ma gawo yana cikin itatuwan da doka ta kāre. A tambaya tukuna, kuɗin takarda ya fi tara sauƙi.

To, dillalai, ga naku. In kuna sayar da gida mai tsohuwar bishiya, ku sa ta cikin magana kafin a yi sallama. Wa zai sare? Itacen na wa? In gidan gado ne, duk magada sun yarda? Wanda ya karɓi la'ada ya bar wannan a buɗe, gobe shi za a kira shaida.

Wani zai ce mun tsawaita, ai akwai yara masu yi da araha. Akwai, amma araha ba ta ado. Ranar da reshe ya rusa soron maƙwabci, yaron nan ba shi da abin biya, kan maigida za a dawo. Saboda haka a rubuta a gaban shaidu biyu: kuɗin aiki, kuɗin itace, kututture, shara, da wanda zai ɗauki ɓarna. A ba da kafin alƙalami, cikon sai an share wuri. A yi shi da rani, don in bishiya ta riga ta karkata cikin damina, mai gatari ne zai yanka farashi yadda ya so.

In kuwa rage rassa zai wadatar, a rage a bar ta. Inuwar shekara 30 ba a sayo ta a kasuwa. Allah ya ba da sa'a. Wassalam.