Sharhi: Me Makarantar Faransanci da Turanci Za Ta Tsinana wa Yaron Dambam?

Yaron da ya tashi a Dambam ba baƙon harsuna ba ne. Hausa ce harshen kasuwa da tasha, a rugage Fulatanci ake yi, ta wajen Jalam kuma akwai masu jin Karekare, ga Barebari da suka daɗe da zama a yankin. Kafin ya cika shekara bakwai ya fara haɗa baƙin Larabci a makarantar allo, ya kuma ci karo da Turanci a firamare. Saboda haka idan aka kawo batun makarantar da ake koyarwa da Faransanci da Turanci tare, ba a shakkar ko kan yaron zai ɗauka. Abin dubawa shi ne wane irin zama makarantar za ta yi da garin da aka gina ta a cikinsa, da kuma harshen da za a aza sauran a kansa.

Abubuwa uku da suka faru a shekarar 2025 ne suka sake ta da wannan magana. A watan Maris Jamhuriyar Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, sannan kundin da gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta kafa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki. A watan Satumba gwamnatin tarayya ta fito da sabuwar manhajar karatu, wadda a cikinta Faransanci ya zama darasin ganin dama daga aji huɗu na firamare har ƙaramar sakandare. A watan Nuwamba kuma ministan ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar da soke manufar koyar da yara da harshen uwa, ya ce Turanci ne zai zama harshen koyarwa tun daga tushe. Manufar da aka soke ɗin a 2022 aka amince da ita, lokacin Malam Adamu Adamu, ɗan Azare, yana riƙe da ma'aikatar.

Wato a cikin watanni tara, maƙwabciyarmu ta ɗaga Hausa ta rage wa Faransanci matsayi, mu kuma muka rage wa Faransanci da Hausa matsayi a lokaci guda.

Alƙawarin Faransanci a Najeriya tsoho ne. A ƙarshen 1996 Janar Sani Abacha ya bayyana cewa Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu, a daidai lokacin da dangantakarsa da Birtaniya da ƙungiyar ƙasashe renon Ingila ta yi tsami bayan rataye Ken Saro-Wiwa. Manufar ilimi ta ƙasa ta ɗauki maganar, ta wajabta darasin a firamare da ƙaramar sakandare. Tun kafin nan, a 1991, an kafa ƙauyen koyon Faransanci a Badagry, inda ɗaliban jami'o'i da kwalejojin ilimi masu nazarin harshen ke zuwa su zauna su goge bakinsu. A takarda komai ya cika. A aikace, darasin ya tsaya a makarantun tarayya irin kwalejin gwamnatin tarayya ta Azare, da makarantun kuɗi na manyan birane, da makarantun Faransa da ke Abuja da Legas waɗanda 'ya'yan jakadu da masu hali ke halarta. Makarantar ƙauyen da malami ɗaya ke riƙe da aji biyu ko uku ba ta taɓa jin wannan wajibci a jikinta ba. Mayar da darasin na ganin dama a 2025 bai ƙwace wa irin wannan makaranta komai ba, ya dai daina yi mata kara ne.

Gwaji mafi kusa da mutanen arewa shi ne wanda jihar Kano ta yi. A wa'adin mulkinsa na biyu, tsakanin 2011 da 2015, Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso ya haɗa hannu da gwamnatin Nijar ta Shugaba Mahamadou Issoufou aka kafa kwalejin harsuna biyu a Yamai, makarantar kwana da ke ɗaukar yara daga Kano da kuma daga Nijar. Hikimar ba a jadawalin darussa take ba. Yaron Kano da aka kai Yamai yana ganin Faransanci a allunan tituna, a takardar magani, a labaran talabijin, a rasit ɗin kanti. Abokin ɗakinsa ɗan Nijar kuma yana jin Turanci daga bakin tsaransa, ba daga littafi kaɗai ba. Ɗakin cin abinci da filin ƙwallo da layin ɗibar ruwa suna koyar da abin da minti arba'in na aji ba za su koyar ba.

Sai dai akwai wani abu da duk mai tunanin kwaikwayon wannan tsari ya kamata ya lura da shi. Bakano da Bamaraɗe idan suka haɗu a ɗakin kwana, ba Faransanci za su yi ba, ba kuma Turanci ba. Hausa za su yi, su yi ta tsokanar juna a kan wanda ke cewa “lakkwal” da wanda ke cewa “makaranta”, wanda ke ƙirga jikka da wanda ke ƙirga naira. Makarantar da aka kira ta harsuna biyu a ƙasar Hausa, a gaskiya ta harsuna uku ce, kuma na ukun da ba a rubuta a allon ƙofa ba shi ne ya fi sauran ƙarfi. Makarantar da ta ɗauke shi abokin gaba, tana cin tarar yaro ko tana sa shi share fili don ya yi Hausa, takan samu ɗalibai masu shiru. Wadda ta ɗauke shi tsani, tana sa yara su fassara tatsuniya ko sanarwar rigakafi daga Hausa zuwa harsunan biyu, ita ce ke samun masu magana. Nijar ta gane haka da wuri: tun 1973 ta buɗe makarantar gwaji a Damagaram inda yara ke fara karatu da Hausa kafin a shigar da su Faransanci.

Darasi na biyu daga Yamai na siyasa ne. Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya jawo takunkumin ECOWAS da rufe iyaka, wadda Najeriya ba ta sake buɗewa ba sai a watan Maris na 2024, kuma a Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar. Duk makarantar da ɗalibanta ke tsallaka iyaka kowane zango, abincinsu da kuɗin malamansu kuma suka rataya a kan jituwar gwamnatoci biyu, tana zaune ne a kan ƙaya. Wannan ne ya sa hujjar gina irin wannan makaranta a gida, kusa da iyaye, ta fi ƙarfi yanzu fiye da shekara goma da suka wuce.

To amma tun da Nijar da kanta ta juya wa Faransa baya, me ya rage na amfanin harshen? Masu wannan tambaya suna da gaskiyarsu. Dillalin shanu daga Dambam da ke bin babbar hanya zuwa kasuwar Potiskum, ko ya nufi Maigatari a bakin iyaka, bai taɓa buƙatar tafinta ba. Da Hausa da Fulatanci yake gama cinikinsa. Matsalar tana farawa ne inda baki ya ƙare takarda ta karɓa. Takardar kwastan, hukuncin kotu, sakamakon gwajin asibiti, shaidar kammala karatu, yarjejeniyar kwangila, duk da Faransanci ake rubuta su a Nijar, kuma sauya wannan aiki ne na shekaru, ba na sanarwa guda ba. Chadi da Kamaru da Benin, sauran maƙwabtan Najeriya uku na kan tudu, suna nan da Faransancinsu. Hukumar raya tafkin Chadi da rundunar haɗin gwiwa mai yaƙi da Boko Haram a N'Djamena suke da mazauni. Hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971, a Yamai take. Layin dogon da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi zai buƙaci ma'aikatan da za su karanta takardun ɓangarorin biyu. A duk waɗannan wurare, ɗan arewa da ya haɗa Hausa da Turanci da Faransanci ya fi wanda ya zo daga nesa da harsuna biyu kawai, domin shi yana jin abin da ake faɗa a ofis, yana kuma jin abin da ake faɗa a bakin ƙofar ofis. Abin takaici, yawancin masu karanta Faransanci a jami'o'in Najeriya ba daga jihohin bakin iyakar arewa suke fitowa ba.

Kamaru ta fi kowa daɗewa a wannan harka, kuma tana da abin koyi da abin gudu. Tun farkon shekarun 1960 ta kafa sakandaren harsuna biyu wadda daga baya ta zauna a Buea, kuma har yau makarantun ƙasar na ware mako guda a farkon Fabrairu don bikin harsunan biyu: muhawara, wasan kwaikwayo, waƙe-waƙe, kowane yaro da harshen da ba nasa ba, iyaye na kallo. Amma a ƙasar ce kuma yajin aikin lauyoyi da malamai na 2016, wanda ɗaya daga cikin dalilansa shi ne tura malamai masu Faransanci zalla zuwa makarantun yankin masu Turanci, ya rikiɗe ya zama rikicin da ya rufe makarantu da yawa tsawon shekaru. Harshen da aka ɗora wa jama'a ba da shawararsu ba, ko da sunan ilimi ne, yakan zama abin zargi.

A Dambam zargin ba zai zama na Turanci da Faransanci ba. Uba zai tambaya ne: yaron da ya kai aji huɗu bai iya karanta wasiƙa da Hausa ba, balle da Turanci, me za a ƙara masa? Wani kuma zai ce idan harshe na uku ake so, Larabci ya fi kusa da zuciya, kuma ga shi gwamnatin tarayya da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi sun riga sun gina makarantun Larabci da Turanci a wasu jihohi. Tambayar farko ita ce mai nauyi. Jihar Bauchi na cikin jihohi biyu, tare da Sakkwato, da aka gudanar da shirin Mu Karanta, wanda ya koya wa yaran ƙananan azuzuwa karatu da Hausa kafin a ƙetara da su zuwa Turanci. Malaman da suka samu horon suna nan a makarantun ƙasar Katagum da Misau. Matakin da aka ɗauka a Nuwamba ya jefa wannan jari cikin rashin tabbas, kuma Faransancin da za a aza a kan yaron da bai iya karatu da kowane harshe ba, haddar gaisuwa ce kawai zai zama.

Idan har za a yi, to rayuwar makarantar ce za ta nuna ko garin ya karɓe ta. Taron iyaye da malamai da aka gudanar da Turanci, uwa na zaune a baya ba ta jin komai, ya riga ya raba makaranta da gida. Ranar ba da kyaututtuka da yara suka yi wasa a kan aurar da ƙananan yara ko rikicin manomi da makiyayi, wani ya faɗa da Faransanci wani ya mayar da Hausa nan take, tana nuna wa uba abin da kuɗin littafinsa ya saya. Kwamitocin kula da makarantu na al'umma, waɗanda ke haɗa mai unguwa da liman da wakilan mata da tsofaffin ɗalibai, su ne ya kamata a fara tuntuɓa kafin a aza tubali. Kuma yankin bai rasa masu jin harshen ba: akwai 'yan Nijar da Chadi da ke zaune a Azare da Potiskum suna sana'a, wasunsu sun yi makaranta a gida, akwai kuma matasan da suka yi karatu a Maraɗi suka dawo. Ƙungiyar Faransanci ta makaranta da ke gayyatar irin waɗannan mutane hira sau ɗaya a mako ba ta buƙatar kasafin kuɗi.

Abin da ke buƙatar kasafi shi ne malami. Azare na da kwalejin ilimi ta Aminu Saleh, jami'ar Sa'adu Zungur na Gaɗau kusa da ita, amma ɗalibin da ya zaɓi Faransanci sai ya yi tafiyar fiye da kilomita dubu zuwa Badagry domin zaman goge baki, kuma idan ya gama, makarantar kuɗi a Abuja ko ƙungiyar agaji a Maiduguri za ta ba shi abin da ƙaramar hukuma ba za ta iya ba. Yanzu da darasin ya zama na ganin dama, babu dokar da za ta tilasta wa hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha ɗaukar malamin Faransanci, kuma shugaban makarantar da ke neman malamin lissafi ba zai roƙi na Faransanci ba. Shawarar ta koma hannun gwamnatin Bauchi: ko ta zaɓi sakandaren kwana guda a shiyyar Katagum ta tara mata malaman da ake da su, ta ba su alawus ɗin da zai zaunar da su, ko kuma ta bar darasin a jerin zaɓin da babu mai koyar da shi.