Hoton baƙi da fari ba ci baya ba ne!

Jama'ar Garhanga, mu faɗa wa juna gaskiya. Yaro ya ce zai koyi ɗaukar hoto da fim, ya wanke shi da hannunsa a ɗakin duhu, sai aka hau shi da dariya: wai ga salula, mi zai yi da tsohon yayi? Haba! Da wannan tsohon yayin Malick Sidibé na Bamako ya ci kyautar Zakin Zinariya a Venis a 2007. Da shi Philippe Koudjina ya adana mana Yamai ta shekarun 1960. Ku bar yaro ya koyi auna haske da haɗa maganin wanki, don Allah. Mu da muke dariyar, hotunanmu nawa suka tafi ranar da waya ta faɗa ruwa?